Littafi Marar Bango da Ƙishirwar Gangaren Shuni

Da sunan Wanda ya shimfiɗa sammai hawa-hawa, ya watsa taurari a cikinsu kamar iri a gona, ya kuma ba ɗan Adam ƙafa da kwaɗayin ganin abin da ke gaba. Ku matso ku ji labarin tafiyata ta farko, ni Sallau ɗan Jatau, haifaffen Birnin Sauka a duniyar Masauki. Kakannin kakanninmu sun iso nan bayan tafiyar da ta cinye zuriya bakwai a cikin jirgi. Da suka sauka sun ce hutawa kawai za su yi kafin su ƙara gaba, shi ya sa suka kira ta Masauki. Har yau muna nan muna hutawar.

Rana biyu gare mu a sama, Babba da Ƙarama. Babba ce mai aikin kullum. Ƙarama can nesa take zama kamar fitilar maƙwabta, sai sau ɗaya a shekara ta matso su fito tare har kwana arba'in. Wannan lokaci shi muke kira Gamuwa. Duk garin da ya shiga Gamuwa ba da isasshen ruwa ba, ba ya fitowa da mutanensa cif.

A shekarar da nake ba ku labari na gama Makarantar Injiniyoyi da sakamakon da ya sa malamai suka yi ta miƙo mini hannu. Kaina cike yake da dabaru har barci ba ya samun wurin kwana. Ina da littafin rubutu da na cika da zanen abubuwan da zan ƙera: injin tatsar ruwa daga raɓa, murhun da ke rage wuta da kansa idan tuwo ya nuna, da takalmin da ba ya barin yashi ya shiga. A ganina babu abin da ya lalace a duniya wanda sifana da lissafi ba za su gyara ba.

Wadda ba ta yarda da wannan ba ita ce kakata Lantana, wadda ta riƙe mu ni da yayata Dela tun muna ƙanana. Shekara arba'in ta yi tana tuƙa amalanken iska tsakanin garuruwa, wato amalanke mai ƙafa shida da doguwar sanda a tsakiya, a ɗaura mata ƙyalle iska ta tura ta. Angona take ce mini, ni kuwa in ce mata tsohuwa. Ranar da na kawo mata takardar digirina ta shafa ta, ta ce takardar da kauri, za ta yi kyau da fifita.

Kaka tana da wani littafi da ba ta rabuwa da shi. Bangonsa ya ɓace tun cikin jirgi, saboda haka Marar Bango kowa ke ce masa. Gajerun labarai ne goma sha biyu da wasu mutanen tsohuwar duniya suka rubuta, mutanen da ba su taɓa wuce gajimare ba amma suka zauna suna tsara yadda jikokinsu za su rayu a cikin taurari. Ina yaro na leƙa shi sau ɗaya na rufe. Jirgin samansu gawayi yake ci. Matuƙinsa yana leƙowa ta taga ya duba hanya. Na ce wa Kaka littafin ƙarya ne tun daga shafin farko, ta ce ni ma da aka haife ni ba a ga alamar gaskiya a tare da ni ba, amma aka haƙura aka raine ni.

Saura kwana goma sha biyar Gamuwa ta shigo sai ga wani bafatake a ƙofar gidanmu. Ya ce daga Gangaren Shuni yake, garin da Yaya Dela ke aure, can ƙarshen inda mutane suka kai. Ya ce abin da ya gani bai bar shi ya yi shiru ba: ruwan garin ya ja baya, gonaki sun bushe, yara leɓunansu sun tsage. Na yi mamaki ƙwarai, don makon da ya wuce saƙon Yaya Dela ya zo cewa ta haihu, sun sami 'ya mace, kowa lafiya lau. Na kai maganar makarantarmu. Suka ce injin rabon ruwan garin tsoho ne, tun na mutanen farko, kuma manyan injiniyoyi duk sun watsu shirin Gamuwa. Na ce ga ni. Suka ba ni akwatin kayan aiki da addu'a.

Kaka ta ce ƙafarta ƙafata. Na ce ta tsufa da hanya, ta ce hanyar ta girme ta kuma ba ta ji an ce ta zauna a gida ba. Ta fito da tsohuwar amalankenta, ta ɗora buhun gari, da ƙullin kanwa, da salkunan ruwa, da Marar Bango a cikin zani. Sai dai ta ce ni zan riƙe linzami, wai lokaci ya yi da zan koyi abin da ake ci da shi.

Kwana uku muna gudu a kan jan yashi, ran na huɗu muka hau Tekun Gilashi. Fili ne shimfiɗaɗɗe da wata tsohuwar wuta ta narkar, santsi kamar madubi, ka dubi ƙasa ka ga sama. Amalanke na tafiya a kansa kamar tana shawagi tsakanin sammai biyu. Mun kai tsakiyarsa da hantsi sai iska ta ɗauke ɗif. Ƙyalle ya langaɓe. Gilashi ya fara ɗaukar zafi, na ji warin robar tayoyinmu. Kaka ta ce a zamaninta idan haka ta faru sai a shiga ƙarƙashin amalanke a yi ta salati, wasu iska ta dawo musu, wasu kuwa har yau ana wuce ƙarafunansu.

Ina cikin share gumi sai inuwa ta gifta mu. Raƙuman sama ne, garke guda. Kowanne ya kai girman rumbu, a kumbure kamar salka, ba fiffike ba ƙafa, suna yawo a sama da dogon wuya yana reto. Na tuna darasin aji biyu, inda aka ce abin da ke kawo su Tekun Gilashi shi ne lasar kanwar da ke fitowa a tsagoginsa. Na fizgo ƙullin kanwar Kaka, na ɗaure shi a kan doguwar gora, na kafa ta a gaban amalanke. Biyu suka sauko suna shinshina. Na jefa musu igiya a wuya, na miƙa gorar gaba yadda harshensu ba zai kai ba. Suka bi kanwa, kanwa ta bi gora, gora kuwa a hannuna take. Haka suka ja mu har gaɓar yamma, ina ihu ina dariya, Kaka tana riƙe da ɗankwalinta tana tambayar da me za ta yi miyar kuka yanzu. Da muka sauka na sake su, na ba su ladansu. Na tambaye ta ko cikin labaranta goma sha biyu akwai wanda ya zo da wannan. Ta ce babu, ta kuma ce in rage kumbura kada raƙuman su ɗauka ɗan'uwansu ne.

Ran na bakwai muka iso Dajin Masu Saurare. Itatuwansa dogaye ne, baƙaƙe, ganyensu kamar kunnuwan jaki, ƙayarsu ta kai tsawon hannu. Hanya ɗaya ce ta ratsa shi, tafiyar wuni guda. Idan suka ji shiru, ko ƙarar ƙarfe zalla, sai su sunkuyo su rufe hanya. Idan kuwa suka ji muryar mutum tana ba da labari, sai su miƙe su ba da wuri. Malamanmu sun rubuta littattafai uku a kan dalilin haka, ba wanda ya yarda da na wani. Masu amalanke dai abin da suka sani shi ne ba a shiga dajin sai da littafi. A ranar na gane abin da ya sa Marar Bango ya yi shekara arba'in a cinyar Kaka.

Ta ce ƙurar gilashi ta kama mata maƙogwaro, ni zan karanta. Na ce ba sai mun wahala ba, ina da dabara. Na fito da 'yar na'urar ɗaukar murya, na karanta mata shafi guda daga littafin darasin famfo, na sa ta yi ta maimaitawa. Kaka dai ta gyara zama ta rufe kanta da buhu. Zagaye na farko itatuwa suka buɗe, na waiwayo ina murmushi. Zagaye na biyu suka tsaya cak. A na uku sai wani reshe ya sauko a hankali ya tsire na'urar da ƙaya ya ɗaga ta sama, wani ya keta mana ƙyalle, hanya ta fara tsukewa gaba da baya.

Daga ƙarƙashin buhu Kaka ta ce, "Angona, ko itace ya san wanda ke masa magana da wanda ke kore shi. Buɗe littafin."

Na buɗe shi. Na fara karantawa da sauri kamar mai biya hadda, ƙayoyi suka dakata. Na ci gaba, suka ja baya kaɗan, iska ta samu hanya ta tura mu. Duk inda na tsaya don in yi tsaki a kan jirgi mai cin gawayi, sai rassa su sunkuyo, dole na haɗiye tsakina. Labari na farko na wani matuƙi ne da ya je tauraro mai nisa ya dawo ya tarar ƙaninsa ya girme shi, ya rasa yadda zai gaishe shi. Na biyu na wata mata ce da ta ɓoye ƙasar kabarin mahaifinta a cikin gwangwani ta shiga jirgi da ita. Wajen na huɗu na daina lura da itatuwa.

Na shida shi ne wanda ya zauna mini. Wani mutum mai suna Ilu ya sami aikin haƙar ma'adini a duniyar wata, ga shi yana da tsohuwar uwa. Sai ya ƙera mata mutum-mutumin ƙarfe mai shan kananzir, yana mata ɗiban ruwa da daka. Duk Juma'a ƙarfen zai tambaye ta, Inna yaya jiki, ya rubuta amsarta a wasiƙa ya kai gidan waya a aika wata. Ita kuwa kullum amsarta ɗaya: da sauƙi, a ce masa kada ya damu. Ciwo yana cinta, wasiƙu suna tafiya da lafiya lau. Akwai wata maƙwabciyarta da suka yi shekaru ba sa ga maciji a kan wata kaza. Ita ce ta lura kwana uku hayaƙi bai tashi daga madafar gidan ba, kuma ba a zage ta ta kan katanga ba. Ta haura katangar, ta tarar da tsohuwa a kwance, ta yi jinyarta. Sannan ta tsaya gaban ƙarfen ta ce ya rubuta, ta zazzage wa Ilu abin da ke bakinta tas. Ilu ya dawo a guje ya sami uwarsa da rai, su biyun suna zaune suna faɗa a kan kazar.

Na yi dariya har da ƙwalla, na ci gaba da na bakwai don kada daji ya rufe. Da muka fita da la'asar, muryata ta dushe, na ce wa Kaka labarin ba laifi, amma kananzir ba zai ja ƙarfe mai nauyin nan ba, kuma ba a kai wasiƙa wata ta gidan waya. Ta ce ita shekara arba'in tana karanta shi ba ta taɓa tambayar me ƙarfen ke sha ba, tsohuwar take ji. Na lura muryarta garau take, amma gajiya ba ta bar ni na yi magana ba.

Washegari muka gangara Gangaren Shuni, saura kwana bakwai Gamuwa. An gina garin zagaye kamar zobe, gida na jingine da gida, a tsakiya ga tudun da rijiya da ɗakin inji suke. Ƙasar wurin shuɗiya ce kamar an rina ta, amma dawar gonaki ta koma kara. Yaya Dela ta fito da jaririya a kafaɗa, ta rame har na so in ƙi gane ta. Ta durƙusa ta gaida Kaka, ta ja mini kunne ta ce ɗan ƙanenta ya zama injiniya. Sannan ta kawo mana ruwan baƙi a ƙwarya, cike. Na kafa kai na shanye rabi. Kaka ta kurɓa sau ɗaya ta mayar mata. Sai daga baya na san rabon gidan na wunin ke nan.

Mai gari Cindo, wani dattijo mai sanyin magana, ya kai ni ɗakin inji. Mai-Rabo suke kiran injin. Mutanen farko sun rufe bakin rijiyar da ƙofar ƙarfe wadda ba hannun da ke buɗe ta sai injin, don kada wani mai ƙarfi ya fifita gidansa. Daga nan bututu ke tafiya kowane gida, da famfo a ƙofar gida. Mai gari ya ce da can Sarkin Ruwa Anaruwa ne ke kula da shi, yana zaga gidaje kowace safiya, ya leƙa randuna, ya dawo ya gaya wa injin abin da kowa ke buƙata. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, kuma tun daga lokacin ruwa ke ja baya. Sun ɗauka rijiyar ce ke ƙafewa. Na tambaye shi me ya hana su aika a taimake su. Ya ce ai kowane gari da nasa, ba su so su ɗora wa mutane nauyi ba.

Kwana huɗu na yi a cikin injin nan. Da an yi sallar asuba nake hawa tudu, sai magariba in sauko. Na kwance famfunan tura ruwa na mayar, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na wanke matatai, na auna batir. Komai lafiya lau, har ya fi wasu injinan makarantarmu. Ran na huɗu, don takaici, na zura igiya ta ramin shan iskar rijiyar in ga zurfin abin da ya rage. Ba ta yi gaba biyu ba na ji ta taɓa ruwa. Rijiyar cike take har wuya. Mutane na mutuwa da ƙishirwa a kan tafki, injin da ke tsakaninsu kuma ba abin da ya same shi. Na zauna a ƙasa na rasa ta inda zan kama. Karo na farko ke nan da littafin dabaruna bai ce mini komai ba.

Ran na biyar gajiya ta sa na makara. Ina ɗaura takalmi a zaure sai na ji wata murya daga famfon ƙofar gida, ta 'yar lasifikar da ban taɓa kula da ita ba. Ta yi sallama, ta ce, "Mutanen gida, ruwan jiya ya ishe ku?"

Yaya Dela tana tsaye gabansa da tulu wanda ko laima babu a gindinsa. Ta ce, "Ya isa, alhamdu lillahi."

Na ji amsar tana zagaya gari, ƙofa bayan ƙofa, kamar amshin waƙa. Na ruga tudu ba ko hula. Na buɗe ma'ajiyar amsoshin injin, wadda ban duba ba don na ɗauka ba ta da alaƙa da bututu. Ashe da Sarkin Ruwa ya daina zuwa, injin ya koma tambayar gidaje da kansa. An kuma gina shi da tattali: duk gidan da ya ce ya isa, sai ya rage masa ɗan kaɗan ya ajiye saboda gaba. Wanda ya ce bai isa ba, ya ƙara masa. Kwana ɗari bakwai da 'yan kai, gida tamanin da huɗu, ba a taɓa ce masa bai isa ba ko sau ɗaya. Da ruwa ya fara raguwa kowa ya ɗauka rijiya ce ke ƙafewa, sai kowa ya ƙara danne buƙatarsa don na kusa da shi ya samu.

Na sa Mai gari ya tara jama'a. Na hau kan turmi na yi musu bayani da zane a ƙasa, na ce maganin kalma uku ce: gobe kowa ya ce bai isa ba. Aka yi ta gyaɗa kai. Mai gari ya ce shi zai fara. Na sauko ina jin na gama aiki.

Da safe duk gari ya fito ya zuba wa ƙofar Mai gari ido. Famfo ya yi tambayarsa. Dattijon ya gyara murya, ya dubi hagu ya dubi dama, ya shafa gemu, ya ce to, ba laifi dai, an gode Allah. Sauran gidaje suka bi sahu. Injin ya sake ragewa.

Na shiga gida raina a ɓace, na ce wa Yaya Dela ko don jaririyar nan ai ta buɗe baki. Ta dube ni kamar ranar da na fasa mata tulu ina yaro.

Ta ce, "Sallau, a bakin titi, surukata na ji, maƙwabta na ji, in ce ban ƙoshi ba? Gidan Barira da ke damanmu 'ya'ya shida ne, ba ta ce ba, sai ni mai ɗaya? In kuma igiyarka ta yi ƙarya fa? Ruwan ɗan wa na sha?"

Na fice na koma tudu. Saura kwana biyu. Ƙarama ta riga ta fara girma a gefen sama, inuwar kowa ta zama biyu. Na yi tunanin fasa ƙofar ƙarfen, na auna na ga idan ta fashe tudun zai rufta cikin rijiyar. Na yi tunanin in bi gidaje in amsa da bakina, amma injin ya san muryar masu kowane gida. Na yi tunanin in zama Sarkin Ruwa, sai na tarar mabuɗin da yake shigar da buƙatu da shi kalmar sirri ce da marigayin ya haddace, ya tafi da ita kabari. Abu biyu kawai hannuna ke iya taɓawa: kalmomin tambayar, da allon da wayoyin gidaje ke shiga.

Na dawo tsakar gida na zube kusa da Kaka. Tun zuwanmu ba ta je ko'ina ba, tana kan tabarma mata suna zuwa gaishe ta ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune Barira ta shigo, ta gaishe ta, ta rage murya ta ce ita dai tausayin gidan Mai gari take ji, kwana uku ba su ɗora tukunya ba. Ta fita ba da jimawa ba matar Mai gari ta shigo, ta ce abin da ke hana ta barci shi ne 'ya'yan Barira, ƙaraminsu ya daina fitsari. Da ta tafi Kaka ta ce mini tun da ta zo garin nan ba wanda ya ce mata yana jin ƙishirwa, amma ba gidan da ba ta san adadin tulunan da suka bushe a cikinsa ba.

Sai na ga katanga. Na ga matar nan ta labari na shida tana tattare zani tana haurawa. Na miƙe har na ture ƙwaryar goro, Kaka ta ce a bi ni a hankali, aljanun makaranta sun tashi.

Wunin nan a gaban allon wayoyi na yi shi. Na zare wayar kowane gida na matsar da ita rami ɗaya, yadda amsar da aka bayar a ƙofa za ta faɗa kan gidan da ke dama da ita. Da yake garin zobe ne, ta ƙarshe ta dawo kan ta farko, ba wanda ya rasa mai magana a madadinsa. Sannan na goge tsohuwar tambaya na rubuta sabuwa. Ban gaya wa kowa ba, don na riga na ga abin da taro ke haifarwa.

Da gari ya waye na tsaya a zaure. Famfo ya yi sallama, ya ce, "Mutanen gida, maƙwabtanku na dama, ruwan jiya ya ishe su?"

Yaya Dela ta dubi famfo, ta dubi katangar Barira, ta ajiye tulu ta kama ƙugu.

Ta ce, "Ina fa ya isa. 'Ya'ya shida da tulu ɗaya? Ko goma ka ba su ba su yi wanka ba."

Daga hagu na ji wani tsoho yana gaya wa famfonsa cewa gidan su Dela mai jego ce a ciki, ko kunya injin ba ya ji. Can gaba wata tana lissafa awakin maƙwabcinta da sunayensu. Mai gari da kansa, wanda jiya ya kasa kalma uku, ya tsaya yana wa famfo huɗuba a kan halin da gwauruwar da ke damansa take ciki, har sai da injin ya ce ya fahimta. Sai tudu ya yi wata ƙara daga ciki, bututu suka yi tari, suka tofar da ƙura, ruwa ya ɓarke a ƙofa tamanin da huɗu lokaci guda. Yara suka shiga ƙarƙashinsa da rigunansu. Barira ta leƙo ta kan katanga tana faɗa wai wa ya ce a tona mata asiri, hawaye na zuba, tulunta na cika. Kafin azahar an buɗe wa gonaki nasu, don kowa ya ce gonar wane ce ta fi bushewa. Washegari rana biyu suka fito tare, suka tarar da randunan Gangaren Shuni cike.

A can muka yi Gamuwa, don ba a tafiya a cikinta. Kwana arba'in ina gyara ƙyallen amalanke a inuwa, ina koya wa matasan garin allon wayoyi. Na karance Marar Bango sau biyu ba itacen da ya tilasta ni. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa gawayi ba zai ɗaga jirgi ba. Amma na daina mamakin yadda mutanen da ba su san ko da rana biyu ba suka san yayata.

Ana jibi za mu tashi na tambayi Kaka ko jikinta zai iya hanya. Ta ce garau take, ta fi ni. Na buɗe baki zan ce to madalla, sai na rufe. Na tashi na sami Yaya Dela a madafa, na ce mata, Yaya, tsohuwar nan fa, lafiyarta ƙalau?

Ta ajiye muciya ta ce, "Sai yau ka tambaya? Idonta ya tafi, Sallau. Inuwa kawai take gani. Ranar da kuka zo da hannu ta laluba fuskar jaririyar nan. Kuna gida ɗaya, kai kana zanen takalmi."

Na tuna takardar digirina da ta shafa ba ta duba ba. Na tuna linzamin da ta miƙa mini, da maƙogwaron da ya warke da mun fita daji. Na koma na zauna a gefen tabarmarta, na ce akwai likitan ido a Birnin Sauka wanda ƙanensa abokina ne, kuma da mun isa can za mu fara. Ta ce wane munafukin ne ya kai ƙararta. Na ce maƙwabciyarta ta dama. Ta yi dariya har ta dafa kafaɗata. Na ce ai ta haddace littafin, me ya hana ta karanta wa itatuwa da ka? Ta ce itatuwa sun ji shi shekara arba'in, saura wani kututture ɗaya da ta raina a gida.

Ta zaro Marar Bango daga cikin zani ta ɗora mini a cinya, ta ce in karanta mata na shida, kuma in na zo wurin kananzir in wuce ba tsaki.

Nan tafiyata ta farko ta tsaya, wadda na fita da akwatin sifana na dawo da littafi. Allah ya ba ku maƙwabcin da ke leƙen hayaƙin gidanku. Ni dai na buɗe shafin, na gyara murya, na fara.